Inabin Gado da Zafin Zamani: Muhawara kan Gonakin Iyali a Penedès

Yankin Penedès yana kudu maso yammacin birnin Basalona, a Kataloniya ta ƙasar Sifaniya, shimfiɗe tsakanin gaɓar Bahar Rum da tsaunukan cikin ƙasa, kuma tun zamanin Rumawa ake noman inabi a cikinsa. Mafi yawan inabin da ake tsinka a can ba don ci ake noma shi ba, matse shi ake yi a sarrafa giyar inabi, musamman irin mai kumfa da ake kira Cava, wadda Josep Raventós ya fara yi a garin Sant Sadurní d'Anoia a shekarar 1872. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, kuma ba shi ake dubawa a nan ba. Abin da ya sa yankin ya cancanci nazari shi ne cewa kurangar inabi tana cikin tsirran da suka fi saurin nuna alamar sauyin yanayi, masu nomanta kuwa suna cikin manoman da suka fi kowa ajiye tarihin girbinsu a rubuce, saboda haka gardamar da suke yi kan yadda za a ci gaba da noma a ƙasar da zafi ke ƙaruwa ruwa kuma ke raguwa gardama ce mai hujjoji a hannu.

Ɓangare ɗaya na wannan gardama yana ganin mafita tana cikin haɗa abubuwa uku: gona ta zauna a hannun iyalin da suka gaje ta, a noma ta ba tare da sinadaran masana'anta ba, a kuma dasa irin inabin da ya samo asali a ƙasar maimakon irin da aka shigo da shi daga Faransa. Ɗaya ɓangaren yana cewa wannan tsari ya fi kyau a jikin takardar kwalba fiye da a cikin gona, domin yana rage amfani, yana ƙara wahala, yana kuma barin ƙaramin manomi ba kariya a shekarar annoba. Kafin a auna maganganun biyu, ya kamata a bayyana abin da ake nufi da noma marar sinadari, wato tsarin da dokar Tarayyar Turai ta haramta takin zamani da maganin kashe ciyawa da maganin ƙwari na masana'anta a cikinsa, ta bar manomi da takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye da wasu ma'adanai kaɗan kamar farar wuta da jan ƙarfe, ta kuma wajabta wa gonar inabi shekara uku a kan wannan hanya kafin a ba ta takardar shaida.

Babu saɓani tsakanin ɓangarorin kan cewa yanayin ya sauya. A garin Beaune na yankin Burgundy a Faransa akwai jerin ranakun fara girbin inabi da ya faro daga shekarar 1354, kuma binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa daga 1988 zuwa 2018 girbin ya matso gaba da kwana 13 a matsakaici idan aka kwatanta da ƙarnoni shida da suka gabata. Illar wannan ga mai sarrafa inabi ita ce zafi yana sa sukari ya taru cikin 'ya'yan da sauri, tsaminsu ya zube, tun kafin fata da ƙwallon ciki su gama nuna, sai ya zama ko dai a tsinka da wuri a sami abu ɗanye, ko a jira a sami abu mai yawan barasa marar armashi. A Kataloniya kuwa abin bai tsaya ga zafi ba, domin fari ya kama ƙasar tun daga 2021, har gwamnatin yankin ta ayyana dokar ta-ɓaci a ranar 1 ga Fabrairun 2024, bayan ruwan madatsun da ke shayar da Basalona ya sauka ƙasa da kashi 16 cikin ɗari. Galibin gonakin Penedès da ruwan sama suka dogara, ba su da ban-ruwa, kuma a waɗannan shekaru an ga kurangun da suka bushe ƙurmus a tsaye.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun ɓangaren farko ita ce ta iri. Inabin da duniya ta fi sani, irin su Chardonnay da Merlot da Pinot Noir, a ƙasashe masu sanyi aka zaɓe su, inda damuwar manomi ita ce su nuna kafin sanyi ya sauko, don haka suna nuna da wuri, wanda a Penedès ta yau yake nufin suna nuna a tsakiyar zafin Agusta. Na gida kuwa, musamman Xarel·lo mai kaurin fata da riƙe tsami, da Sumoll wanda aka kusa daina dasawa gaba ɗaya, sun daɗe suna rayuwa da ƙarancin ruwan yankin Bahar Rum. Wani bincike da Ignacio Morales-Castilla ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya ƙiyasta cewa idan zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, kashi 56 cikin ɗari na wuraren da ake noman inabin giya za su daina dacewa da shi, amma idan manoma suka canja iri asarar za ta sauko zuwa kashi 24. Wannan tazara ce babba, kuma tana nuna cewa yawan ire-iren inabi dukiya ce da aka yi sakaci da ita a lokacin da kasuwa ta karkata ga sunaye 'yan kaɗan.

Tarihin gidan Torres, wanda aka kafa a Vilafranca del Penedès a 1870, yana nuna yadda tunani ya juya cikin rayuwar mutum guda. Miguel A. Torres yana cikin waɗanda suka yaɗa inabin Faransa a yankin, kuma giyar da ya yi da Cabernet Sauvignon ce ta zo ta ɗaya a wata gasa da aka yi a Paris a 1979, abin da ya ɗaga sunan gidan a duniya. Shi ɗin ne kuma, tun daga shekarun 1980, ya riƙa sa talla a ƙananan jaridun karkara yana roƙon duk manomin da ya ga wata kuranga da bai san sunanta ba, a gefen gona ko jikin tsohuwar katanga, ya sanar da shi. Aikin da ke biyo bayan irin wannan sanarwa mai tsawo ne: a je a yanko reshen, a tabbatar ba sanannen iri ba ne da ya ɓata suna, a raba shi da cututtukan da ya tara ta hanyar renon ɗan tsironsa a cikin kwalabar gwaji, a dasa shi a fili, a jira shekaru kafin ya ba da 'ya'yan da za a iya matsewa a ɗanɗana. Ta wannan hanya aka ceto ire-ire sama da 50, cikinsu har da Forcada, farin inabi mai jinkirin nuna wanda yake riƙe tsaminsa ko a shekarar zafi, da Moneu da Garró da Querol da Pirene da Gonfaus.

Sai dai wannan labari da kansa yana ɗauke da hujjar ɗaya ɓangaren. Cikin ire-iren nan sama da 50, kusan shida ne kawai suka nuna alamar za su yi amfani, domin ba kowane abin da kakanni suka bari ba ne suka bari bisa kuskure. Wasu an bar su ne saboda ba sa haihuwa sosai, wasu saboda saurin kamuwa da cuta. Haka kuma kasancewar iri ɗan ƙasa ba ya nufin yana jure zafi, domin Parellada, ɗaya daga cikin ukun da Cava ta ginu a kansu, yana son tudu da sanyin dare, kuma yana shan wahala a ƙasan kwari. Binciken 2020 ɗin nan ma ya nuna cewa ƙasashen da suka riga suka yi zafi, kamar Sifaniya da Italiya, su ne canjin iri zai fi kasa cetowa, tun da sun riga sun kai ga ire-iren da suka fi kowane juriya, kuma idan ƙarin zafin ya kai digiri 4 asarar duniya za ta kai kashi 58 ko da an canja iri. Shi kansa gidan Torres bai tsaya ga iri ba, ya sayi filaye kusa da Tremp a gindin tsaunukan Pyrenees, a tudun da ya kai kusan mita 950, yana bin sanyi zuwa sama, hanyar da mai kadada goma ba shi da kuɗin bi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a tuna game da kalmar asali a gonar inabin Turai. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera, wanda ya zo daga Amurka, ya hallaka gonakin nahiyar, ya shigo Kataloniya ta arewa a 1879, ya iso Penedès a 1887. Maganin da aka samu shi ne aure, wato a ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron, kamar yadda ake yi wa mangwaro, kuma har yau kusan kowace kuranga a yankin haka take tsaye. Ashe abin da ke tono ruwa a ƙarƙashin ƙasa baƙo ne, kuma zaɓen saiwar da ta dace da fari yana da nauyi kusan daidai da zaɓen reshen da ke sama. Wannan bai rushe hujjar iri ba, amma ya nuna cewa abin da ya ceci gonakin a wancan karo haɗin gado ne da sabon ilimi.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne batun noma marar sinadari, kuma a nan amsar tana bin shekara. A shekarar fari, hujjar masu goyon baya tana da ƙarfi ƙwarai, domin ƙasar da aka shekara ana zuba mata taki da ruɓaɓɓen ganye, ba a ƙone ta da maganin ciyawa ba, tana shan ruwa ta riƙe shi, ba ta kuma zaizayewa idan ruwan ya zo da ƙarfi lokaci guda, kamar yadda ya saba zuwa a gaɓar Bahar Rum a watannin Satumba da Oktoba. Bushewar iskar yankin tana rage cututtukan ganye, shi ya sa Sifaniya take cikin ƙasashen da suka fi kowa faɗin gonakin inabi marasa sinadari. Ko ƙwaron da tsutsarsa ke huda 'ya'yan inabi an sami dabarar da ba ta buƙatar guba: ana rataye ƙananan igiyoyi a jikin wayar da kurangu ke bi, masu fitar da ƙamshin da tamatar ƙwaron ke kiran namiji da shi, sai ƙamshin ya cika gonar, namijin ya rasa inda take, haihuwa ta ragu. Irin waɗannan nasarori ne suka ba hukumar da ke kula da sunan Penedès ƙarfin gwiwar wajabta cewa daga girbin 2025 duk giyar da za ta ɗauki sunan yankin sai ta fito daga gona marar sinadari.

Amma sauyin yanayi bai zo da fari kaɗai ba, ya zo da rashin tabbas, kuma shekarar ruwa ita ke tona raunin tsarin. Akwai wata cuta mai kama da fumfuna, ita ma daga Amurka ta zo, wadda take fara fitowa kamar ɗigon mai a saman ganye da farin gari a ƙarƙashinsa, sannan ta busar da fure da 'ya'ya, kuma ba ta son komai kamar ɗumi da laima. Manomin da ke amfani da maganin masana'anta yana da irin wanda ke shiga jikin tsiro ya kare shi daga ciki, shi kuwa marar sinadari jan ƙarfe kawai yake da shi, a cikin haɗin da Alexis Millardet ya bayyana a Bordeaux a 1885, wanda a saman ganye yake zama, ruwa kuma yana wanke shi. Idan aka yi ruwa sai a sake feshi, ƙasa tana jiƙe, tarakta tana danne ta tana ƙona mai, idan kuwa laka ta hana shiga gonar kwana uku cutar ta riga ta yi aikinta. Haka ta faru a Kataloniya a 2020, lokacin da ruwa ya yi yawa a watannin Afrilu zuwa Yuni, haka kuma ta faru a tsakiya da kudancin Italiya a 2023. Shi kuma jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake yi a ƙasa yana cutar da tana da sauran ƙananan halittun da tsarin yake alfahari da kiyayewa, shi ya sa tun 2019 Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kilo 28 a kowace hekta cikin shekara bakwai. Wannan suka ce ta gaskiya, kuma mai kishin noma marar sinadari ba ya taimakon kansa idan ya kauce mata.

Daga nan ne wata shawara ta uku take fitowa, wadda ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi sosai. Masana sun haɗa inabin Turai da danginsa na daji sun samar da ire-ire masu jure cutar da kansu, kamar Artaban da Vidoc da Floreal da Voltis waɗanda Faransa ta yi wa rajista a 2018, kuma dasa su yana rage feshi matuƙa. Ga wanda babbar damuwarsa lafiyar ƙasa ce, waɗannan sun fi irin gado dacewa da noma marar sinadari, amma ga wanda damuwarsa asali ne, baƙi ne da ba su da tarihi a kowace gona. Wannan yana nuna cewa abubuwa ukun da ake haɗawa a numfashi ɗaya ba dole ne su tafi tare ba, wani lokaci ma suna jan juna baya. Ko Bordeaux, da duk tsananin riƙonta ga al'ada, an ba ta izini a 2021 ta gwada sababbin ire-ire shida, har da Touriga Nacional da Alvarinho na Fotugal, a kan kashi 5 cikin ɗari na filin gona, wato ta nemi maganin zafinta a cikin inabin gadon wasu mutane.

Saura batun iyali, wanda ya fi sauran wuyar aunawa da alƙaluma amma bai fi su ƙaramin nauyi ba. Kurangar inabi ba ta ba da amfanin kirki sai bayan shekara uku ko huɗu, tana kuma iya rayuwa fiye da shekara hamsin, saboda haka wanda ya dasa yau yana yanke hukunci ne kan yanayin da jikokinsa za su yi noma a ciki. Tsohuwar al'adar gado ta Kataloniya, wadda take barin gida da gona ga magaji ɗaya, ta sa gonaki da yawa sun zauna ba a yanyanka su ba tsawon ƙarnoni, kuma gidan da ya san zai daɗe yana iya haƙurin shekara goma sha biyar a kan irin da ba a san ko zai yi ba. Kamfanin da masu hannun jari ke jiran riba a ƙarshen shekara da wuya ya yi wannan haƙuri. A 2018 manyan gidajen Cava biyu suka fita daga cikakken ikon iyalan da suka kafa su, Freixenet ta sayar da fiye da rabin hannun jarinta ga Henkell na Jamus, Codorníu kuma ga kamfanin zuba jari na Carlyle. A shekarar ce wasu gidaje shida, Gramona da Llopart da Nadal da Recaredo da Sabaté i Coca da Torelló, suka ƙaddamar da ƙungiyar Corpinnat, wadda ta daina amfani da sunan Cava a 2019, da sharuɗɗan cewa inabi ya zama marar sinadari, a tsinke shi da hannu, a sarrafa shi a cikin gidan, kuma aƙalla kashi 90 cikin ɗari ya zama na ire-iren yankin.

Duk da haka, kalmar iyali tana rufe wani bambanci da tarihin yankin ya daɗe da sani. Akwai iyalin da ke da gona da wurin matsa da suna a jikin kwalba, akwai kuma iyalin da ke da gona kawai, suna sayar da inabinsu a kan sikeli, kuma waɗannan su ne mafi yawa. Kakanninsu da dama 'yan haya ne a ƙarƙashin wata yarjejeniya da ake kira rabassa morta, wadda take ba manomi damar riƙe fili har sai kashi biyu cikin uku na kurangun da ya dasa sun mutu, kuma da filoksera ta kashe kurangun sai haƙƙinsu ya mutu tare da su, rikicin da ya kai ga kafa ƙungiyar Unió de Rabassaires a 1922. A 2019 jikokin waɗannan mutane sun yi yajin aiki a tsakiyar girbi saboda farashin kilo ya faɗi zuwa wajen santi 30 na Yuro. Manomin da ake biya haka, idan aka ce masa ya daina maganin ciyawa ya koma nome ta, ya jure ƙarancin amfani, ya ɗauki haɗarin shekarar fumfuna, ya kuma tumɓuke Chardonnay ya jira shekara huɗu babu girbi, an ɗora masa kuɗin gyaran da wani ne zai ci ribarsa a farashin kwalba. Abin yabo ne cewa Corpinnat ta sa kwangila mai dogon zango da mafi ƙarancin farashi cikin sharuɗɗanta, amma gidajenta ɗan ƙaramin kaso ne na inabin da yankin ke nomawa, kasuwar duniya kuma tana ƙanƙancewa, domin ƙungiyar kula da inabi ta duniya ta ce abin da aka sha a 2024 shi ne mafi ƙaranci tun 1961.

Idan aka ɗora hujjojin a kan ma'auni, ɓangaren farko ya fi gaskiya a kan iri da kuma ƙasa, domin adana ire-ire masu yawa da gina ƙasa mai riƙe ruwa abubuwa ne da za su amfani gonar ko yanayin ya karkata ga fari ko ga ambaliya, kuma aiki ne da ba a iya yin sa cikin gaggawa ranar da aka buƙace shi. Ɓangare na biyu ya fi gaskiya a kan iyakar tsarin, domin babu irin da ke rayuwa ba ruwa shekara uku a jere, jan ƙarfe kuma ba amsa ce mai ɗorewa ba, kuma takardar shaidar noma marar sinadari ba ta cewa komai game da nauyin kwalbar gilashi da man da ake ƙonawa wajen kai ta ƙetare. Tambayoyin da Penedès take fuskanta yanzu su ne ko za a kawo ban-ruwa, har da ruwan birni da aka tace, zuwa gonakin da ba su taɓa saninsa ba, wa zai biya kuɗin bututun, da kuma ko farashin kilo zai tsaya a inda manomin da ba shi da suna a jikin kwalba zai iya bin dokar 2025 ba tare da ya sayar da gonarsa ba.